Itacen da Hollis Ya Dasa

"Twila, fito ki ga mijin naki!"

Muryar Rhonda ce, 'yar kawuna, kuma daga jin dariyarta na san ba alheri. Na fito baranda.

Duk tudunmu na jihar Kentucky ya yi ja da furen itacen redbud, har bakin titi da bayan coci. Namu kaɗai ke tsaye a ƙofar gida tsirara kamar tsintsiya.

A gidanmu haka ake yi. Mai neman 'ya zai dasa redbud a ƙofa, in bikin Ista ya zo bai yi fure ba, Kaka Opal ba ta sa albarka. Ta ce hannun da itace ya mutu a cikinsa ba zai riƙe mace ba. Mahaifiyata ta taɓa take wannan doka, mahaifina kuwa ya gudu tun ina goye. Tun daga nan ba mai yi wa Kaka musu.

Yau ce Ista. Gobe kuma Hollis, saurayina da ya dasa namu, zai tafi aiki jihar Ohio, ko da ni ko ba ni.

Motarsa ta tsaya, ya fito da kwat ɗin coci.

"Masoyiyata, kuka kike?"

"Hollis, ya mutu..."

Ya durƙusa ya shafa jikin itacen. Daidai gwiwa ɓawon ya saɓule zagaye, inda barewa ta goga ƙahonta.

"Ina ragar wayar da na kewaye shi da ita?"

Rhonda ta taɓe baki. "Ni na cire tun lokacin kaka. Ta ɓata mana ƙofar gida. Na san barewa za ta zo ne?"

Ta sani mana! Wa ya girma a tudun nan bai sani ba? Tun muna makaranta idonta ke kan Hollis.

Sai ga Kaka da sandarta da hular coci. Ba ta kalli kowa ba. Ta sa farce ta kankare reshe.

Busasshe.

Ta kankare wani. Shi ma haka.

Ina son Hollis kamar raina, amma wallahi ina tsoron in zama mahaifiyata.

"Kaka, ki ba ni shekara guda, in sake dasawa," in ji Hollis.

"Yaro, ba a dashe biyu a gidan nan."

Hollis ya juyo gare ni. "Twila, ki ce wani abu mana!"

Na zube a gindin itacen, na rungume shi ina kuka. Hannuna ya ture busassun ganyen da Hollis ya tara masa saboda sanyi.

Wani abu mai laushi ya taɓa yatsana.

Ƙasa da raunin, a jikin kututturen kansa, wasu 'yan furanni ne jajaye suka fasa ɓawo suka fito a dunƙule.

"Kaka..."

"Wannan ai ba reshe ba ne!" Rhonda ta yi tsalle.

Kaka ta ce, "Rufe mana baki. Tun ba a haifi ubanki ba redbud ke fure a kututture."

Kaka ta sunkuya da ƙyar, ta tsinki fure ɗaya ta tauna, ta daɗe tana kallon Hollis.

"An yi masa rauni, bai fasa ba," ta ce. "A yanke saman, zai tofo. Kai kuma tashe ta daga ƙasa, kada matarka ta shiga coci da laka."