Jinin Yaya a Firiza

Ranar da Auta ta fara aiki a ɗakin binciken, Dogo, abokin aikinta, ya tarar da ita tsaye gaban babbar firizar da ake ajiye jinin marasa lafiya. Ta dafa ƙofar kamar mai sauraron wani a ciki.

"Lafiya dai?" ya tambaya.

"Jinin yayana yana nan ciki. Bara ya rasu."

Ciwon zuciya ne mai bin dangi ya kashe shi, kuma a kan ciwon ake binciken. Dogo ke auna ƙarfin aikin ƙwayoyin halitta a cikin jinin, Auta kuma ta yi lissafin a kwamfuta. Rukuni uku ne: marasa lafiya, 'yan'uwansu, da bare. So ake a gane ko bambancin da ke tsakanin rukunan ya fi wanda ke cikin kowane rukuni. Nata jinin ma yana cikin na 'yan'uwa.

Babu suna a jikin awon, sai lamba, amma duk lambar da ta kalla gani take Yaya ne. In firizar ta yi gurnani, tarinsa take ji.

Dogo kan jawo kujera kusa da ita. "Malama Lissafi, kwamfutar nan kike harara ko ni?" Da haka ya dawo mata da dariya, har suka shaƙu.

Da ya kai wa mahaifiyarsa maganar yana son ya auri Auta, Mama ta ce a'a. "Gidan da ciwo ke bi? So kake in riƙa binne jikoki?"

Bai ɓoye wa Auta ba. A makon ne kuma sakamakon binciken ya fito. Ta daina zuwa aiki, ta tura masa saƙo:

"Sakamakon ya nuna mu 'yan'uwa mun fi kusa da marasa lafiya a kan bare. Mama ta yi gaskiya. Ka nemi wata."

Ya amsa:

"Sanyin idona, ke kika koya min lissafin nan rukuni yake kallo, ba mutum ɗaya ba. Ni kuwa mutum ɗaya nake so. Ban san gobe ba, ke ma haka. Ki fito, ina ƙofar gida, ƙafata ta gaji."

Ta fito da jajayen idanu. Daga nan ta ce masa ya kai ta wajen Mama.

Ta durƙusa ta ce, "Mama, ba zan ce miki ina da tabbas ba. Yaya ba a gano nasa da wuri ba. Ni likita zai riƙa duba ni, 'ya'yana ma haka. Tsoro dai ina ji, kullum."

Mama ta daɗe tana kallon hoton mijinta a bango. "Mahaifin yaron nan ko ciwon kai ba ya yi," ta ce a hankali. "Mota ce ta ɗauke min shi. Tashi, 'yata, ƙasan da sanyi."

Ranar aure, Baban Auta ya riƙe hannunta. Ya buɗe baki zai yi doguwar nasiha, sai ya fasa. Da ƙyar ya ce, "Allah ya ba ku tsawon rai."

Ɗakin ya amsa gaba ɗaya, muryar Mama a saman ta kowa. Auta ba ta taɓa jin an ja amin haka ba.