Birekar da Ta Ƙi Faɗuwa

Da hantsi aka kira Sufeto zuwa masaƙar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Gobara ta tashi a ɗakin injuna, ta ci ran mai gyaran wutar wurin. Bireka, wadda aikinta katse wuta, ba ta katse ba.

"Gangancinsa ne," in ji manaja. "Shi kaɗai ke taɓa ta."

Matar mamacin tana tsaye a bakin ƙofa. "Yallaɓai, kada ku binne shi da laifin wani."

Sufeto bai san aikin lantarki ba, amma yana da wanda bai taɓa shakkar maganarsa ba: yayansa, injiniya, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Ya sa aka ciro birekar, ya kira shi ofis.

"Auta, yau hukuma ce ke roƙona?" in ji yayan, yana dariya.

"Ka taɓa aiki a masaƙar, Yaya?"

"Ko ƙofarta ban sani ba."

Yayan yana kwance birekar yana bayani. "Akwai ƙarfe mai juyawa a ciki, da sifirin biyu. In wuta ta yi yawa, sai su fizge shi, bakunan tagulla su rabu."

Ya kwance sukurori uku. Tun bai kifa birekar ba, ya ajiye sukudirebar, ya ɗauki wata mai baki daban. Sukuru na huɗu yana ta ƙasa, baƙin hayaƙi ya rufe shi. Da aka kankare, ba irin sauran ba ne, kuma sabuwar sukudirebar ta zauna masa daram.

A ciki, an ɗaure sifirin biyun da waya.

"Ka gani? Aikin marigayin ne," in ji yayan.

Sufeto ya dubi sukudirebar da ke hannun yayansa. "Yaya, wa ya gaya maka na huɗun daban ne, tun ba ka gan shi ba?"

Yayan ya ajiye sukudirebar.

"Ni na haɗa musu ita," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ta yi wa injunan kaɗan, tana ta faɗuwa. Manaja ya ce zai kira wani ya duba aikina. Na ɗaure ta kafin in samo babba. Ya sani."

"Marigayin fa?"

"Bai sani ba."

"Kuma ka zo ka ɗora masa, da sa hannuna a rahoto."

Kofur ɗin da ke ofishin ya tsaya riƙe da ankwa, yana kallon ƙasa. Sufeto ya karɓa, ya saka wa yayansa da kansa.

"Ka tafi da shi, a kamo manaja," ya ce. "Ni zan je wurin matar."