Abin da Ke Bayan Lafiya Lau

A unguwar Gataa El Oued, cikin garin Tamanrasset na ƙasar Aljeriya, akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu. Iyayenta mutanen Damagaram ne. Babanta magini ne, innarta kuma ƙosai take soyawa a bakin kasuwa.

A lekkol, wato makaranta, yara Larabci suke yi da Buzanci. Yarinyar tana ji, amma ba ta da ƙawar da za su yi Hausa.

Wata rana tana taɓa salular innarta, wato wayar hannu, sai ga saƙo: "Sannu 'yar'uwa. Sunana Sadiya, ni ma 'yar Damagaram ce."

Daɗi ya kama ta. Kullum sai sun yi hira. Can Sadiya ta fara neman hotuna, har ta nemi irin hoton da bai kamata a nemi yaro ya ɗauka ba. Yarinyar ta ƙi.

"Ashe ba ki yarda da ni ba?" in ji Sadiya.

Tsoron rasa ƙawa ya sa ta tura.

Ashe babu wata Sadiya. Wani ƙaton mugu ne, marar kunya, da ya ari sunan yarinya. Ya rubuto: "Ki ƙaro wani hoton. In kika gaya wa wani, danginku na Damagaram duk sai sun gani."

Daga ranar yarinyar ta daina cin abinci sosai. Salula na ƙara, gabanta na faɗuwa. Abin da ta fi tsoro shi ne innarta ta sani, ta daina son ta.

"Ɗiyata, lafiya kuwa?" in ji Inna.

"Lafiya lau, Inna."

Malama Adawiyya ce ta lura da ita a aji. Uwar Malamar 'yar Agadas ce, don haka tana jin Hausa. Da aka tashi, ta tsayar da ita.

"Ba zan matsa miki ba," in ji ta. "Amma akwai masu sauraron yara ta salula, kuma har da mai jin Hausa. Ga tawa, zauna nan ki rubuta."

Wadda ta amsa sunanta Rakiyatu, kuma aikinta ke nan, taimakon yaran da ke cikin damuwa.

"Yaya kike?" ta rubuto.

"Lafiya lau."

"Yaya lekkol?"

"Lafiya lau."

Ka ji fa! Yarinya ta rame, ido ya kumbura, amma lafiya lau. Sai dai Rakiyatu ita ma Bahaushiya ce.

"Na karɓi gaisuwa," ta rubuto. "Ai mu ko a gadon likita muke, lafiya lau muke cewa. Gaisuwa ta ƙare. Yanzu tambaya nake yi ta gaske. Me ke ci miki rai?"

Yarinyar ta daɗe tana kallon rubutun. Hawaye ya ɗiga a kan gilashin salula. Sannan ta rubuta komai. A ƙarshe ta ce, "Ni ce na tura. Laifina ne."

"A'a, ƙanwata. Babba ne ya yaudari yarinya, laifin nasa ne shi kaɗai. Ja numfashi a hankali, ina nan tare da ke. Kada ki sake ba shi amsa, kada kuma ki goge saƙonninsa. Wa kika fi yarda da shi a gida?"

"Inna. Amma za ta tsane ni."

"Shi ne ya sa miki wannan tsoron, don ki yi shiru."

Ba a ranar ta iya gaya wa Inna ba. Sai da suka yi ta hira da Rakiyatu, kwana da kwanaki. Sannan wata rana Malama Adawiyya ta raka ta gida. Inna tana wankin wake. Yarinyar ta durƙusa, ta faɗi duka, kanta a ƙasa.

Inna ta dube ta. Sai ta tsame hannu daga ruwa, ta jawo 'yarta jikinta, ta fashe da kuka.

"Wayyo ɗiyata! Ke kaɗai kike ɗauke da wannan, ni kuwa ina gefenki? Ban haifi ɗiyar da hoto zai raba ni da ita ba."

Malama ta taimaka aka kai ƙarar mugun wurin hukuma, aka rufe shafin da yake turo saƙo da shi. Tsoron bai tafi lokaci ɗaya ba, kuma yarinyar ba ta daina hira da Rakiyatu ba. Amma ta koma cin ƙosan Inna da zafinsa, har dariyarta ta dawo.

Yara, in wani ya nemi hoton da bai dace ba, ko ya tsorata ku a salula, ba laifinku ba ne. Kada ku yi shiru. Ku gaya wa babban da kuka yarda da shi. Mai son ku ba zai daina son ku ba don kun faɗi gaskiya.