Ɗakin da Ba Ya Yarda da “Na Ƙoshi”

Ƙofar gilashin ta ja kanta ta rufe ruf, wani shuɗin haske ya bi ta kan cikin Tasi'u, ya bi ta kan na surukarsa Inna Tabawa, sannan murya ta fito daga rufi: “Baƙi biyu, duka da yunwa. Barkanku da zuwa Akushin Sama.”

Tasi'u ya juya da sauri ya dubi ƙofar. Shi fa ba zama ya zo yi ba. Ya shigo ne kawai ya nuna wa tsohuwar kujera kafin matarsa Badi'a ta dawo daga alwala, sai ya bar su su biyu. Ga Badi'ar can a waje, cikin cincirindon 'yan gayun Sabuwar Kano masu jiran layi, tana bubbuga gilashi.

Abin haushin, shi ya ƙera na'urar. Ma'auniya ya sa mata suna. Ya lura Bahaushe sai ya ce ya ƙoshi alhali hanjinsa na kuka, shi ne ya ƙera injin da ba ruwansa da baki, ciki kawai yake dubawa da haske. Ɗaki ba ya buɗewa sai kowa a ciki ya ƙoshi da gaske. Wannan ne ya ɗaga gidan abincin, har mutane ke hawo jirgin iska daga Legas don a gan su cikin gilashi suna ci. Da masu gidan suka nemi a sa maɓallin buɗewa, Tasi'u ne ya kafe ya ƙi, wai da shi masu kunya za su riƙa sulalewa da yunwarsu.

Teburi ya tsage, tuwon shinkafa da miyar taushe suka taso suna tururi. Inna ta kawar da kai. Tun da ya auri 'yarta ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba, sunansa ma bai taɓa fita daga bakinta ba.

“Malam, a buɗe mana. Na ƙoshi,” in ji Inna.

“Ba ki ƙoshi ba,” in ji rufin, da ladabinsa.

Tasi'u ya kira manaja. Manaja ya ce ai ranka ya daɗe kai ka san kan abinka, masu yanka gilashin kuwa sai bayan la'asar. Tasi'u ya ɗaga kujera ya maka wa bango, ko ƙwarzane. Gilashin ma shi ya zaɓa.

Sai ya ga hannun Inna yana rawa, zufa na tsattsafo mata a goshi. Tana da ciwon suga, kuma ta yi allurarta kafin su baro gida, da niyyar tana zuwa ta ci. Badi'a ta manna fuska a gilashi tana kuka, tana nuni da baki.

Tasi'u ya durƙusa. “Inna, don girman Allah ki ci. Zan juya baya.”

“Ka juya ina? Ko'ina madubi ne.”

Gaskiya ta faɗa. Duk inda ya waiwaya ita yake gani, bayanta kuma idanun mutane, kowa ya ɗaga wayarsa. Bai taɓa jin ya tsani aikin hannunsa ba sai ranar.

“Inna, faɗuwa za ki yi.”

“To in faɗi.”

Ba ta faɗi ba. Ta dubi 'yarta ta daɗe, sannan ta ja mayafi ta lulluɓe kanta har da kwanon. Tasi'u ya runtse ido ya toshe kunne. Amma Ma'auniya ba ta san kara ba, kowace loma sai ta sanar: “Baƙuwa ta ci. Da saura.” Da ta gama da ita, ta koma kansa. Dole shi ma ya zauna a gaban surukarsa yana tura tuwo kamar mai haɗiyar tsakuwa, muryar tana ce masa ya ƙara.

Hasken ya koma kore. “Baƙi biyu sun ƙoshi. Gamsuwa cikakkiya.” Ƙofa ta buɗe, 'yan layi suka ɗauki tafi, wani ma har da fito.

Inna ta miƙe, rawar hannun ta daina. Ta gyara mayafinta, ta kama hannun Badi'a. A bakin ƙofa ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Babu faɗa a fuskarta, babu komai.

“Tasi'u, an gode da abinci.”

Da marinsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya yana jin sunansa yana yawo a kunnensa, yayin da allon bango ya ƙara mutum biyu a cikin waɗanda Ma'auniya ta faranta wa rai.