Ba Zai Ci Alkubus Ba

"Ajiye, Nazir!"

Lomar alkubus ta kusa kaiwa bakinsa Humaira ta cafke wuyan hannunsa. Baƙin da suka taru a gidansa na Springfield cin abincin hutun ƙarshen shekara, kowa ya tsaya da cokali a hannu.

A gaban uwarsa fa! Hajiya Sa'adiya, wadda kwananta biyar da saukowa daga Kano, wadda ta tashi da sassafe ta kwaɓa alkubus ɗin nan da garin alkamar da ta riƙo a jakarta, ta kwarara man shanu a miya.

"Yarinya... sakar masa hannu."

Humaira ta saki. Wata takwas ke nan ita, 'yar Malam Hamidou direban tasi mutumin Maraɗi, take soyayya da Nazir, ma'aikacin sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Hajiya ta zo ne musamman ta ga yarinyar ta ce e ko a'a, kuma duk duniya an san Nazir ba ya tsallake maganar uwarsa.

Rumasa'u, 'yar ƙawar Hajiya da ta daɗe tana harin Nazir, ta gyara zama har da murmushinta.

"Ai na faɗa miki, Hajiya. Kullum sai ta aika masa kula ofis, ba ya cin abincin kowa sai nata. Dubi yadda ya rame! Mace ba ta hana namiji girkin uwarsa haka kawai."

Hajiya ta kafe Humaira da ido.

"Me kike zuba wa ɗana a abinci?"

Innalillahi! Asiri ake nufi. Humaira ta juya wajen Nazir tana jiran ya buɗe baki, shi da ya sa ta yi alƙawarin rufe nata. Gogan naku sai ya sunkuyar da kai kamar an aiko shi ƙirga zaren kafet.

Ta suri jakarta ta fice.

Tana kokawa da ƙofar mota, dusar ƙanƙara na zuba a mayafinta, sai ga shi da gudu, ko rigar sanyi babu.

"Humairata, don Allah tsaya..."

"Kar ka kira ni haka!"

"Zan faɗa mata, wallahi. Lokaci nake jira."

"Lokaci? Shekaranjiya ka ci funkasonta, ka wuni kana murƙususu a bayan gida. Yau kuma za ka ƙara, ina zaune ina kallo?"

"Ciwon ciki ne ya kashe Baba, Humaira. In ta ji kalmar asibiti, hawan jininta..."

"Ni kuma in tafi da sunan mai asiri, ko?" Hawaye suka ɓalle mata. "Ina sonka, Nazir, son da har haushin kaina nake ji. Amma ba zan auri mutumin da zai tsaya a yi min wannan ƙazafin yana shiru ba."

Ya tsaya yana kallonta, haƙoransa na haɗuwa don sanyi.

"Kular abincina tana but ɗin motarki?"

"Tana nan."

"Ɗauko, rabin raina. Mu koma."

Da suka shiga, Nazir bai tsaya ko'ina ba sai gaban uwarsa. Ya durƙusa, gwiwa biyu.

"Umma, ki yafe min, ni ne mai laifi. Da bazara kwanana huɗu a asibiti, na ɓoye miki. Likita ya ce hanjina ba ya ɗaukar alkama ko kaɗan, madara da man shanu ma suna tayar min da shi. Ramar da kike gani ta ciwon ce. Humaira ce ta zauna ta binciko wani tsarin girki da Amurkawa ke kira faliyo, babu hatsi, babu nono. Da shi na miƙe, Umma."

Hajiya ta dubi kular.

"Buɗe in gani," ta ce wa Humaira.

Humaira ta buɗe ta fara jerawa. Gasasshen talo-talo da ya sha citta da tafarnuwa. Tuwon rogo, miyar kuka da man ja. Kwaɗon zogale da man zaitun a maimakon ƙuli. Sai wasu 'yan wainoni masu ƙamshi, da gora cike da farin abin sha.

Hajiya ta ɗauki waina ɗaya ta shinshina, ta gutsura.

"Wannan ai aya ce!"

"Garin aya ne, Hajiya, da ƙwai da man kwakwa. Wancan kuma kunun aya ne da dabino. Shi yake sha a madadin madara."

"Aya? Rogo? Zogale?" Hajiya ta tafa hannu. "Wannan ne faliyon? Abin da muke ci a ƙauyenmu in rumbu ya ƙare kafin kaka? Ikon Allah! Wato abincin talakawanmu ne ya zo Amurka aka sa masa suna!"

Falon ya ɗauki dariya. Ita ma Hajiya ta dara, sai dariyar ta yanke. Ta dubi kwanon alkubus, ta dubi ɗanta.

"Kwana biyar... da hannuna nake ɗura maka cuta, kana cewa ya yi daɗi?"

"Umma..."

"Yi min shiru, ja'iri!"

Rumasa'u ta yi gyaran murya. "To amma dai Hajiya, ko ba komai, riƙe masa hannu a gabanki..."

"Ke, ya isa! Kin kusa sa ni ɗaukar alhakin baiwar Allah. Ina ce a Annandale kike? Hanya za ta toshe da ƙanƙara, gara ki kama ta da wuri."

Rumasa'u ta nemi takalmanta, ba ko sallama.

Hajiya ta miƙa hannu ta jawo Humaira kusa da ita, ta goge mata fuska da gefen mayafi.

"Ki yafe min, 'yata. Yarinyar da ta yarda mutuncinta ya zube a gaban jama'a don kar ɗana ya cutu, ni ban ga abin da zan tsaya bincike ba kuma. Nazir, kira baffanka a Kano. Gobe a nemi Malam Hamidou."

Nazir ya miƙe zumbur har yana ture kujera.

"Yanzu, Umma?"

"A'a, baɗi! Dube shi don Allah."

Humaira ta rufe fuska, dariya da kuka suka haɗe mata. Farin ciki kamar ta tashi sama. Ta saci kallonsa ta tsakanin yatsu, ya kashe mata ido ɗaya ya yi ɗaki da waya a kunne.

Hajiya ta rage murya.

"Kwana goma sha biyu suka rage min a garin nan. Ina so ɗana ya ci girkin hannuna ko sau ɗaya ne, ya ƙoshi, ba tare da ya ɓoye min ciwo ba. Za ki koya min?"

Humaira ta riƙe hannunta da hannu biyu.

"Zan koya miki... Umma."