Muryar Kaka Miliakere

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Talata, Inna Torika, shugabar matan ƙauyen Naivela da ke wani ɗan tsibiri, ta faɗo caji ofis ko gaisuwa babu, ta ce an sace Kaka Miliakere.

Sufeto Sekove Naivalu ya ajiye kofin shayinsa. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar tsohuwar wata biyu da suka wuce. Sai da ya zaunar da Inna Torika ta sha ruwa sannan ya gane muryar ce aka sace.

Kaka Miliakere ce ta ƙarshe da ta san waƙar kiran kunkurun teku daga farkonta har ƙarshe. Kafin ta rasu, matan sun ɗauki muryarta na awa arba'in a tsohuwar kwamfutar ɗakin taro. Babu wani kwafi a duniya. Yau da safe an kunna kwamfutar, ta ce ba ta da rumbun ajiya.

Sekove yana ɗan shekara tara ya taɓa gani da idonsa. Yana cikin kwalekwale, don waƙar ta mata ce, maza daga nesa suke jin amonta. Matan suna kan dutse suna rerawa, ruwa ya dare, wani ƙaton kunkuru ya ɗago kai ya tsaya yana saurare. Shekara ashirin da shida yana aikin ɗan sanda, ya bankaɗo ƙarya iri-iri, wannan kuwa har yau bai samo bakin zarensa ba.

A ɗakin taro ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa sabuwar lasifika ba. An buɗe cikin kwamfutar, an zare rumbun, an mayar da murfi. A kan tebur ga kusoshi huɗu an jera su reras, kawunansu duk suna kallon gefe ɗaya. Sufeto ya daɗe yana dubansu. Ɓarayin da ya sani ba su da irin wannan tarbiyya.

Peniasi mai riƙon makulli ya rantse da kabarin ubansa cewa makullin bai bar wuyansa ba, kuma jiya bai leƙa ko'ina ba.

"Kawu, idonka ja, leɓenka fari. Kofi nawa na yangona, jiƙon saiwar nan mai bugarwa, ka sha?"

"Biyu, Yallaɓai. Na girmama baƙo."

"Biyu?"

"To, ban ƙirga na bayan ba."

Da ƙyar ya yarda cewa ya rataye makullin a jikin ginshiƙin rumfa da yamma saboda zafi, ya kuma same shi a wurin kafin faɗuwar rana. Mutum shida ne suka zauna a tabarmar shan yangonar. Sufeto ya rubuta sunayensu.

Daga nan ya wuce makarantar sakandare wurin Unaisi, malamar kwamfuta. Ita kaɗai ce a tsibirin ke buɗe cikin inji ba tare da ta yi addu'a tukuna ba. Taubashiyarsa ce, don haka ba ta raga masa.

"Ka zo kama ni ne, ko matarka ce ta hana ka abinci?"

Ya karanta mata sunayen shida. A na huɗu, Isikeli, ta daina dariya. Ta ce Isikeli ya zo tun ranar Asabar yana neman faffaɗar wayar nan mai baki uku, wai zai gyara rediyon kwalekwalensa. Ba rediyon da ke cin irin wannan waya. Da ita ake haɗa rumbu biyu a kwamfuta ɗaya.

Isikeli shi ne autan Kaka Miliakere, injiniyan jirgin ruwa, mutumin da ko cokali ya ajiye sai ya daidaita shi da ɗan'uwansa.

Unaisi ta ɗauki jakarta tana tambaya ko Isikeli ya san zancen jampa. Sufeto ya ce wa zai sa jampa a wannan zafi. Ta dube shi da tausayi, ta ce wani ɗan baƙin roba ne a bayan rumbu, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Shi ke faɗa wa inji wane rumbu ne ubangida, wane ne bawa. Idan duka biyun suka ce su ne ubangida, inji ya rikice, mai shi ya rikice, kuma mutumin da ya rikice da kwamfuta ba abin da ba zai danna ba. Suka biya suka ɗauki Inna Torika.

Sun sami Isikeli a tsakar ɗaki, kwamfutarsa a kwance cikinta a buɗe da rumbu biyu a haɗe, rogon karin kumallonsa ya huce a faranti. Ya ce rumbun na biyu nasa ne, sabo fil, a birnin Suva ya sayo shi.

Unaisi ta kalli fuskar injin, ta ce da ƙaramar murya kada kowa ya motsa. Isikeli ya gaji da fama, ya sa faifan sabunta inji. Injin yana ganin rumbu ɗaya tak, yana tambaya ko a goge shi. Saura danna maɓalli ɗaya.

"Yaya Isikeli, wanne daga cikin biyun yake gani?"

"Nawa mana. Tsohon."

"Ka tabbata?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta sa hannu ta zare wayar wuta daga bango.

Sufeto ya ɗago rumbun na biyu. Faɗin tafin hannunsa ne, nauyinsa bai kai na ɗanyar kwakwa ba. Wai a cikin wannan ƙarfe tsohuwar take, da tarinta da dariyarta da waƙar da teku ke amsawa. Ya sake riƙe shi da hannu biyu. A gefensa akwai ƙura da gishirin iska, da kuma zoben da kusoshi huɗu suka bari.

"Sabo ne ka ce, Yaya? A Suva har da ƙurar ake sayarwa?"

Isikeli ya sunkuyar da kai. Ya ce yana tsakiyar teku uwarsa ta rasu, sai bayan sati uku ya iso. Sau uku yana roƙon Inna Torika ta bar shi ya ji ko minti biyar ne, tana cewa abin mata ne. Shi ba waƙar yake nema ba. So yake ya ji ta tana magana, ko faɗa ne. Niyyarsa ya kwafa ya mayar kafin gari ya sani, injin ya ƙi ba shi haɗin kai.

Inna Torika ba ta sassauta ba. Ta ce doka ba ita ta kafa ta ba, kuma da ya danna abin nan da ya binne uwarsa karo na biyu.

Unaisi ta zaro hantsaki, ta ɗauke ɗan baƙin robar, ta matsar da shi gurbi ɗaya. Shi ke nan aikin. Ta mayar da waya, ta cire faifan, ta kunna. Injin ya yi gurnani, ya yi tsit. Sai ga rumbu na biyu ya bayyana, da sunayen ɗauka arba'in a jere.

Inna Torika ta ce maza su fita, za a gwada. Sufeto ya shaida wa Isikeli laifin da ake tuhumarsa da shi, ya kama gwiwar hannunsa. Bai fito da ankwa ba. Suna bakin ƙofa Unaisi ta riga ta danna.

Aka ji tari. Sai muryar, ƙarama, a shaƙe, kamar tana zaune a kan tabarmar nan.

"An kunna? To ku rufe ƙofa kada maza su ji. Isikelina kam ba ruwansa, ya riga ya sha ta. Da ita nake sa shi barci."

Isikeli ya dafa bango. Hawaye yana bin kumatun Inna Torika. Ta tura ƙofar a hankali.

Suka kama hanyar gangare zuwa mota. Amon waƙar yana biyo su ta jikin katakon ɗakin, ba a jin kalmomin. Can Sufeto ya ji kalmomin a gefensa. Isikeli ne ke rerawa can ƙasa-ƙasa, bai ma san yana yi ba, kuma yana riga uwarsa shiga kowane baiti.

Sufeto Sekove bai taɓa sakin wanda ya kama ba. Yau ya saki hannun Isikeli, ya ja da baya taku goma, ya bar shi yana tafiya gaba shi kaɗai zuwa motar, don shi Sufeto ba a ba shi izinin ji ba.