Shirun da Baban Aku Ya Nema

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Baban Aku ya sauka daga motar haya a tashar ƙarshe, ya ƙarasa gida da ƙafa kamar kullum. Ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida, ya lumshe ido. Matarsa tana kwashe shanya. 'Yarsu tilo mai shekara goma sha ɗaya, wadda ake kira Aku saboda surutunta, ta fito da gudu, bakinta cike da labarin makaranta.

"Baba, ka san yau..."

"Yi mini shiru," ya ce, ko ido bai buɗe ba.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Guda ɗaya, ƙarama, ta gangaro a hankali har ta tsaya gaban ƙafarsa. Ba su da maƙwabci kusa, balle a ce yaran wani ne.

A maɗaba'a yake aiki, yana wuni tsaye gaban injin buga littattafai, kunnuwansa kuma ba sa daina amsa kuwwa ko bayan an tashi. Da aka mayar da aikinsa babban birni, ɗakin da suka fara samu a bakin titi yake, inda hon ɗin motoci ba ya hutawa. Wata huɗu ya yi yana yawon neman gida kamar mai neman magani, har ya dace da wannan, can bayan gari inda kwalta ta ƙare. Ɗaki uku, rijiya, da wani ɗakin ajiya a baya mai ƙofar katako. Ya cire ƙararrawar ƙofa. Ya kulle rediyo a akwati. Ya sa aka liƙa roba a ƙafafun kujeru. Da ya gama da kayan gida, sai ya juyo kan mutanen gidan.

Matar ta koyi magana ƙasa-ƙasa. Aku ce ta kasa koyo. Ta baro ƙawayenta da kakarta a can garinsu, nan kuwa ko kaza babu da za ta yi wa hira. Don haka da yamma sai ta shige ɗakin ajiya ta ja ƙofa, ta yi ta zuba ita kaɗai. Uban ya ji daɗin wannan dabara, har yabon hankalinta ya yi.

Tsakuwar ba ta tsaya a ɗaya ba. Kowace magariba sai ta faɗo, wani lokaci biyu, wani lokaci biyar. Matar ce ta fara lura cewa jifan ba ya zuwa sai mijinta ya tsawata wa yarinyar, amma ta haɗiye abin, don a gidan nan faɗin gaskiya ma hayaniya ce. Daga baya ta ji ana amsa wa Aku a ɗakin ajiya, murya ce ta tsohuwa, tana cewa, "To, sai kuma aka yi yaya?"

"Baban Aku, akwai wani a ɗakin can," ta ce.

"Iska ce. Don Allah ki bar ni in huta."

Ranar da aka cika mako uku da fara jifan, Aku ta fito daga ɗakin da almuru, ta zauna a bakin rijiya. Aka kira ta ba ta waiwayo ba. Tana ci, tana tafiya, idonta biyu, amma muryarta ta ɗauke, ko tari ba ta yi. Likita ya duba maƙogwaro da kunne ya ce lafiya ƙalau. Jifa ya tsaya cak. Gida ya yi tsit irin wanda maigidan ya sha wuya yana nema, kuma a kwana na farko, abin kunya, barci ya yi mai daɗi. Sai a kwana na tara tsoro ya kama shi sosai, ya je ya ɗauko wani dattijon malami da abokan aikinsa suka yi masa kwatance.

Malamin ya iso bayan la'asar, ya ƙi shiga ɗaki. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ajiya, aka zaunar da yarinyar, ya fara karatu cikin natsuwa. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gidan, tsuntsaye suka yi shiru. Can sai wuyan Aku ya sunkuya, bayanta ya lanƙwashe irin na mai shekara ɗari, bakinta ya buɗe.

"Ya isa, malam. Ina ji."

"Wace ce ke, me kuma ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"Ni ma baƙuwa ce kamar su. Sau huɗu birnin nan yana tashina. Inda na zauna sai a sare itace a kawo inji. Na gudo nan don in huta, kamar wancan." Yatsar yarinyar ta nuna uban. "Na zaci zan tsani surutunta. Sai na tarar shekara da shekaru ba wanda ya ba ni labari."

"Jifan fa?"

"Kowane 'yi mini shiru' tsakuwa ɗaya. Gargaɗi nake masa. Bai ji ba, sai na ɗauke abin da ba ya so. Ina laifina? Muryarta tana wurina, kullum muna hira."

"Ba taki ba ce. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Zan fita, amma da sharaɗi. Ranar da na fara jifa, yarinyar ta zo masa da labari. Ta sake gwadawa sau uku bayan nan. Ya faɗa mini ko da kan labarin ne, in tafi yanzu."

Malamin ya juyo ya dubi uban. Baban Aku ya shiga laluben ƙwaƙwalwarsa. Ya tuna littafi a hannunta, ya tuna gudun da ta yi, amma abin da ke bayan "ka san yau" babu shi a kansa, don bai taɓa barinsa ya fito ba. Ya dubi matarsa yana neman agaji. Ita ta sani, amma ta sunkuyar da kai tana hawaye, ba ta ce uffan ba. Shi ya koya mata.

"Ban sani ba," ya ce.

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "An zaɓe ta ta yi karatu da murya a gaban makaranta duka, aka ce ta zo da mahaifinta. Ranar ta wuce tun tuni."

"Kin ji ya amsa laifinsa," in ji malamin. "Hukuncinsa ba a hannunki yake ba. Fita."

Ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Jikin yarinyar ya yi ta karkarwa, muryar ta ce za ta tafi, gidan ma ya ishe ta, shirunsa ya fi na kabari. Ta ce ta mayar da abin da ta ɗauka, ko za a yi amfani da shi kuwa, wannan ba ruwanta. Ƙofar katakon ta buɗe da kanta, ta rufe. Aku ta yi atishawa sau uku, ta ɗago, ta ce, "Mama, ƙishi nake ji."

Malamin ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya ce wa uban, "Nawa aikin ya ƙare, ɗana. Sauran ba na karatu ba ne."

Washegari Baban Aku ya mayar da ƙararrawa, ya fito da rediyo, ya ɓamɓare robar kujeru da hannunsa. Ihu bayan hari ke nan. Aku tana hira da uwarta a kicin, yana jiyo dariyarta daga waje, amma da ya tura ƙofa sai maganar ta yanke. Yanzu kullum da yamma yana zaune a kujerar nan ido buɗe, yana jira.

"Aku, zo mana. Me ya faru yau a makaranta?"

Takan zo ta tsaya nesa kaɗan, hannu a baya, cikin ladabi.

"Ba komai, Baba," ta ce a hankali. "Ka huta."